Kalmomin Ingilishi Masu Rikita Ɗalibai a Makarantun Jos da Alaƙarsu da Darasin Hausa

1.0 Gabatarwa

Kusan kowane littafin koyar da Ingilishi da ake amfani da shi a makarantun sakandaren ƙasar nan yana ɗauke da babi na kalmomin da akan rikita. A ciki za a tarar da jerin tagwayen kalmomi irin su *their* da *there*, *write* da *right*, *principal* da *principle*, *stationary* da *stationery*, sannan a umurci ɗalibi ya haddace su, ya kuma sa kowace a jimla. Jerin ba shi da aibu a kan kansa. Sai dai an tsara shi ne tun asali domin yaron da ya tashi da Ingilishi a bakinsa, wanda matsalarsa ita ce kalmomi biyu da furucinsu ya zama ɗaya amma rubutunsu ya bambanta. Dalilin haka kuwa yana cikin tarihin harshen. Rubutun Ingilishi ya kama hanyar daidaituwa bayan da William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, alhali furucin bai daina sauyawa ba. A da, *meet* da *meat* ba furucinsu ɗaya ba, kuma ana furta *k* ɗin da ke farkon *knight*.

Ɗalibin Jos yana fama da wannan matsala, amma akwai wadda ta fi ta girma a wurinsa. Kalmomin da suka fi rikita shi ba sa cikin jerin, domin a kunnen Bature ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Wannan maƙala za ta bi sawun irin waɗannan kalmomi, ta nuna cewa galibinsu ana iya gano tushen rikicinsu a cikin Hausar da ɗalibi ke magana da ita, don haka darasin Hausa yana da kaso a cikin maganin. Al'amarin ba na ado ba ne. A tsarin gyaran insha'in Ingilishi na hukumar jarrabawa ta WAEC, maki 10 daga cikin 50 na ingancin rubutu ne, ana kuma zaftare rabin maki a kan kowane kuskure. Kurakurai 20 ke nan sun isa su cinye kason gaba ɗaya, ga shi kuma samun kiredit a Ingilishi sharaɗi ne na shiga jami'a.

2.0 Wace Hausa Ake Ji a Jos?

Kafin mu shiga misalai, wajibi ne mu tsaya a kan wannan tambaya, domin yawancin shawarwarin da ake ba malamai sun ginu ne a kan zaton cewa ɗaliban aji ɗaya harshensu ɗaya. Jos ba haka take ba. Haƙar kuza da Turawa suka faɗaɗa a farkon ƙarni na 20 ta janyo leburori da 'yan kasuwa daga ƙasar Hausa da Barno da kudancin Nijeriya zuwa ƙasar Berom da Afizere da Anaguta. Ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso a 1914, babbar kuma ta iso ta Kafanchan a 1927. Hausa ce ta zama harshen bariki da kasuwa, kamar yadda sunayen wurare irin su Barikin Ladi da Dogon Dutse da Gangare da Unguwar Rogo da Farin Gada ke shaidawa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, 'yan mishan sun ɗauki Hausa a matsayin harshen wa'azi da karatu, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Har yanzu a Jos ne hedikwatar ECWA da ta COCIN suke, kuma ana sujada da Hausa a majami'u masu yawa.

Sakamakon haka shi ne, a aji ɗaya ana iya samun yaron da Hausa ce harshen iyayensa da kakanninsa, da wanda yake jin Berom ko Ngas ko Mwaghavul ko Tarok a gida ya kuma koyi Hausa a waje, da ɗan Ibo ko Bayarabe da Turancin buroka ya fi sauƙi a bakinsa. Akwai kuma wani rukuni da ba a cika kula da shi ba, wato 'ya'yan ƙabilun Filato da suka tashi a cikin gari ba su iya harshen iyayensu sosai ba. Hausa ce harshensu na farko, amma Hausa ce mai nata tsarin: tana da /p/ da /v/, sau da yawa ba ta bambanta *k* da *ƙ* ko *s* da *ts*, kuma jinsin nahawu ya raunana a cikinta, har a ji *mata na ya zo* a maimakon *matata ta zo*. Ba mu ɗauki wannan a matsayin gurɓatacciyar Hausa ba. Kari ne da ya samu ta hanyar cuɗanya, yana kuma da ƙa'idojinsa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, kurakuran Ingilishin wannan yaro ba za su zama irin na takwaransa na Gangare ba.

Ya kamata mu ƙara da cewa rikice-rikicen da garin ya sha a Satumbar 2001 da Nuwambar 2008 da Janairun 2010 sun sa jama'a sun koma zama unguwa-unguwa bisa addini. Wannan ya rage cakuɗuwar ɗalibai a wasu makarantu. Saboda haka malamin da aka yi wa canjin wurin aiki daga wata unguwa zuwa wata, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba, yana iya tarar da kurakuran da bai saba gani ba.

3.0 Rikicin da Ya Samo Asali Daga Furuci

Mu fara da baƙin da ya fi kowane yin suna. Daidaitacciyar Hausa ba ta da /p/ da /f/ a matsayin ƙwayoyin sauti biyu. Ƙwayar sauti ɗaya take da ita, wadda ake rubutawa da *f*, ana kuma furta ta da leɓɓa biyu, saɓanin ta Ingilishi da ake furtawa da leɓen ƙasa da haƙoran sama. Wani ya furta ta kusa da [p], wani kusa da [f], Basakkwace ya ce *hwara* inda Bakano zai ce *fara*, ma'ana dai ba ta sauya ba. Kalmomin aro sun isa shaida: *fensir*, *firamare*, *fasinja*, *famfo*, *fenti*, *fasfo*, kai har da sunan jihar kanta, *Filato*. Duk da /p/ suka fara a Ingilishi. Yaron da kunnensa ya ginu a kan wannan tsari yana jin waɗannan a matsayin kalma ɗaya:

(1) pan / fan. Pair / fair. Copy / coffee. Supper / suffer. Depend / defend. Cheap / chief

Idan aka yi masa dariya sau biyu ko uku, sai ya koma ɗaya gefen, ya riƙa sa *p* har inda *f* ya dace. Wannan alama ce ta cewa ya san akwai bambanci amma ba a nuna masa inda yake ba. Nuni guda na leɓe da haƙori a gaban aji ya fi masa amfani a kan shafi goma na hadda.

Haka lamarin /v/ yake. Hausa ba ta da ita, takan mayar da ita *b* kamar a *direba* da *biza* da *bidiyo* da *shebur*, shi ya sa *vote* da *boat*, ko *van* da *ban*, ke haɗuwa. A ƙarshen kalma kuwa /v/ takan koma /f/, /z/ kuma ta koma /s/, a nan ne matsalar furuci ke rikiɗa ta zama ta nahawu. Ingilishi yana da tagwayen kalmomi da dama waɗanda wannan ɗan bambanci ne kaɗai ya raba suna ko sifa da aikatau:

(2) belief / believe. Proof / prove. Safe / save. Advice / advise. Loose / lose

Mai gyaran takarda da ya ga *I belief him* zai rubuta cewa ɗalibi bai san suna da aikatau ba. Mu kuwa muna ganin ya san su sarai, tunda ba zai taɓa cewa *na imani da shi* a maimakon *na yi imani da shi* ba. Kunnensa ne bai ba shi kalmomi biyu ba.

Duk wannan bayani bai shafi ɗan Berom ko Ngas ko Mwaghavul ba. Sunayen garuruwan jihar kaɗai, irin su Vom da Foron da Pankshin da Panyam, sun nuna cewa harsunan Filato da dama suna da /p/ da /f/ da /v/. Sa wannan yaro ya yi ta maimaita *pan* da *fan* ɓata lokacinsa ne. Inda su biyun suka haɗu shi ne sautukan nan biyu da ake rubutawa da *th*, amma ko a nan kowa da inda yake karkata. Bahaushe yakan mayar da su /s/ da /z/, sauran kuwa galibi /t/ da /d/:

(3) a. think / sink. Thing / sing. Path / pass. Worth / worse. Breathe / breeze. Clothing / closing
b. three / tree. Thank / tank. Thought / taught. Faith / fate. They / day

Munzali Jibril ya yi bayanin wannan rabuwa tsakanin Ingilishin Hausawa da na 'yan kudu a kundin digirinsa na uku da ya gabatar a Jami'ar Lancaster a 1982. Marigayi David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero kafin ya koma Jami'ar Jos, shi ma ya tattauna siffofin Ingilishin Nijeriya a littafinsa *Nigerian English Usage* na 1991. Ilimin yana nan a rubuce tun da daɗewa, littattafan sakandare ne ba su ɗauke shi ba. Wani abin lura kuma shi ne, yaron da ya yi tajwidi a Islamiyya ya riga ya iya waɗannan sautuka biyu, domin su ne na haruffan Larabci ث da ذ. Ba a dai taɓa gaya masa cewa abin da yake yi da harshensa da yamma shi ake nema a wurinsa da safe ba.

Sha'anin wasula ya fi na baƙaƙe sarƙaƙiya. Hausa tana da wasula 5, kowane da dogo da gajere, sai tagwan wasula *ai* da *au*. Wannan gata ne babba, domin Bahaushe ya san cewa tsawon wasali na sauya ma'ana: *gari* na zama dabam, *gari* na tuwo dabam, *gado* na kwanciya dabam, *gado* na magada dabam. Saboda haka ya fi masu harsuna da yawa saurin kama bambancin *sit* da *seat*. Amma akwai wata ƙa'ida da ke ja masa baya, wato dogon wasali ba ya zama a rufaffiyar gaɓa. Wasalin ƙarshen *gida* dogo ne, da zarar an ce *gidan* sai ya gajarce. Kalmomin aro ma sun bi wannan doka: *chief* ta zama *cif* a *cif joji*, *coat* ta zama *kwat*, *course* ta zama *kwas*. Inda aka so a riƙe tsawon kuwa sai da aka ƙara wasali a ƙarshe don gaɓar ta buɗe, kamar a *kotu*. To, yawancin tagwayen Ingilishi da tsawon wasali ya raba rufaffun gaɓoɓi ne: *live* da *leave*, *fill* da *feel*, *slip* da *sleep*. Idan aka haɗa wannan da matsalar /p/ da /f/, sai a ga kalmomi huɗu sun narke sun zama ɗaya a kunnen mai koyo:

(4) pull / full / pool / fool

Babu littafin da aka rubuta domin yaron Ingila da zai jera waɗannan huɗun wuri ɗaya.

Sai kuma wasalin da ke cikin *bus* da *cup*, wanda babu shi a Hausa. Bahaushe yakan kai shi ga *a*, kamar yadda *bas* da *famfo* da *lamba* suka nuna, don haka *cut* da *cat*, *luck* da *lack*, *much* da *match* ke cakuɗe masa. Ɗan kudu kuwa yakan kai shi ga *o*, sai *cut* ta haɗu da *cot* da *court* da *caught*. A Jos yaro yana iya jin furucin farko a bakin malamin lissafi, na biyu a bakin malamar Ingilishi, duk a rana ɗaya.

Cunkoson baƙaƙe ba ya buƙatar dogon bayani. Hausa takan raba su da wasali, kamar a *burodi* da *fursuna* da *sukurudireba*, ko ta yar da na ƙarshe. Illar a rubutu ita ce ɓacewar ɗafa-ƙeyar shuɗaɗɗen lokaci: *pass*, *past* da *passed*, ko *fine*, *find* da *fined*, ko *use to* a gurbin *used to*. Abin da ke ƙara wa wannan ƙarfi shi ne, Hausa tana nuna lokaci ne a jikin wakilin sunan da ke gaban aikatau, kamar a *ya tafi* da *zai tafi* da *yakan tafi*. Ɗalibi bai saba neman lokaci a wutsiyar aikatau ba, ga shi kuma wutsiyar ce ba ya ji.

4.0 Inda Harsunan Biyu Suka Yanka Ma'ana Dabam

Akwai kalmomin da ba su yi kama a furuci ko a rubutu ba, amma ɗalibai na musanya su kullum. Mafi shahara su ne *borrow* da *lend*. Jimlar *borrow me your pen* ta zama ruwan dare a duk faɗin ƙasar, amma a bakin mai jin Hausa tana da dalili na musamman da ya cancanci a tsaya a kansa. Dubi waɗannan:

(5) a. Audu ya ari littafi. / Audu ya ara mini littafi.
b. Ladi ta ranci kuɗi. / Ladi ta ranta mini kuɗi.
c. Bitrus ya koyi lissafi. / Bitrus ya koya mini lissafi.

A kowane layi saiwar aikatau ɗaya ce. Abin da ya nuna wanda ya karɓa da wanda ya bayar shi ne sauyin wasalin ƙarshe da karin sauti, tare da zuwan *mini*, wato tsarin giredin aikatau da F. W. Parsons ya bayyana a 1960. Ingilishi kuwa sai ya kawo kalma sabuwa fil ga kowace fuska: *borrow* da *lend*, *learn* da *teach*. Ɗalibin da ya rubuta *borrow me* ya ɗauki saiwa ɗaya ne ya liƙa mata *mini*, daidai yadda Hausa ta koya masa. A ɗaya hannun kuma Hausa ta raba abin da Ingilishi bai raba ba. *Aro* na abin da za a mayar da shi kansa ne, kamar keke ko tabarma, *rance* kuwa na abin da za a kashe a biya da madadinsa ne, kamar kuɗi ko hatsi. Baturen da ke koyon Hausa yakan ruɗe a nan kamar yadda yaronmu ke ruɗewa a can. Mun fi son malami ya faɗa wa ɗalibai haka ƙarara, domin yana cire musu jin cewa harshensu ne ya gaza.

Aikatau *ji* ya tattara abin da Ingilishi ya rarraba zuwa *hear*, *feel*, *smell*, *taste* da *understand*, shi ya sa ake samun *I hear the smell*. *Sha* ya haɗa ruwa da magani da taba da mangwaro. *Yi* ya haɗa *do* da *make*, *dogo* ya haɗa *tall* da *long*, *hannu* ya haɗa *hand* da *arm*, *agogo* ya haɗa *watch* da *clock*. Amma ba ko'ina Hausa ke zama cikas ba. Bambancin *kai* da *kawo*, *fita* da *fito*, *shiga* da *shigo*, ya fi na Ingilishi fitowa fili, kuma da shi za a warware *take* da *bring*, har ma da *export* da *import*, cikin minti biyar.

Dangane da *he* da *she*, lamarin ya juya. Yaron da ya tashi da daidaitacciyar Hausa ba ya rikita su idan ana maganar mutane, tunda *ya* da *ta* sun zauna masa. Wanda ya fi faɗawa wannan rami shi ne mai harshen da babu jinsin nahawu irin na Hausa a cikinsa, kamar Berom ko Izere ko Tarok, musamman idan Hausarsa ma ta *mata na ya zo* ce. Ga wannan yaro, darasin jinsi a ajin Hausa shi ne wuri na farko da za a tilasta masa ya zaɓi wakilin suna bisa namiji ko mace a kowace jimla.

5.0 Haɗawa da Rabawa a Rubutu

A nan ne muke ganin kusancin darussan biyu ya fi bayyana. Ingilishi yana da *its* da *it's*, *your* da *you're*, *maybe* da *may be*, *everyday* da *every day*. Hausa ma tana da nata, kuma ba su fi waɗancan sauƙi ba:

(6) akan / a kan. Itace / ita ce. Kuma / ku ma. Suma / su ma. Tafi / ta fi. Yayi / ya yi. Nasa / na sa. Tasa / ta sa. Baka / ba ka

Ƙa'idojin da suka raba waɗannan ba jiya aka kafa su ba. Sun bi ta hannun Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980 wanda ya nemi daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Duk da haka har sunan jaridar *Gaskiya Ta Fi Kwabo*, wadda aka fara bugawa a 1939, sau da yawa akan gan shi an haɗe *ta* da *fi*, sai ma'anar ta koma umurtar gaskiya da ta kama hanya. Allunan shaguna a Terminus da rubuce-rubucen jikin motoci da saƙonnin WhatsApp cike suke da irin wannan.

Hanyar warware (6) ita ce gwajin musanya. Idan ana iya sa *bisa* a gurbin kalmar, to *a kan* ce a rabe. Idan kuwa ana iya sa *yakan* ko *sukan*, to *akan* ce a haɗe. Idan ana iya cewa *shi ne* a gurbinta, *ita ce* ake nufi, ba makamashi ba. Wannan gwaji shi ne dai wanda ake buƙata a Ingilishi: idan *it is* ta zauna a gurbin, *it's* ce, idan *you are* ta zauna, *you're* ce. Yaron da ya iya tsayawa ya tambayi kansa aikin da kalma ke yi a jimlar harshen da yake tunani da shi, ba sabon abu za a koya masa a Ingilishi ba. Wanda bai taɓa yin haka da Hausa ba kuwa, an ɗora masa koyon dabarar da koyon harshen a lokaci guda.

Wajibi ne kuma malami ya san cewa ɗan waƙafin da ake ratayawa a saman layi aikinsa ba ɗaya ba ne a harsunan biyu. A Hausa baƙi ne mai zaman kansa, wato hamza, kamar a *sa'a* da *jama'a* da *ma'ana*, ko kuma wani ɓangare na harafin *'y* kamar a *'ya'ya*. A Ingilishi kuwa yana nuna harafin da aka shafe ko mallaka. Ba mu san wani littafin firamare da ke jan hankalin yaro ga wannan ba, alhali jimla biyu sun isa.

Baƙaƙe masu ƙugiya su ne *pan* da *fan* na yaron da Hausa ba harshen gidansu ba ce. *Kura* da *ƙura*, *kasa* da *ƙasa*, *baki* da *baƙi*, *koko* da *ƙoƙo*, *doki* da *ɗoki*, *bari* da *ɓari*, haka ma *saya* da *tsaya*, *soro* da *tsoro*: duk kalma ɗaya ce a kunnensa. A ajin da yake cakuɗe, wannan dama ce da ba kowane gari ke da ita ba. Wanda ke jin *ƙ* yana iya horar da wanda ba ya ji, shi kuma ya rama masa da /p/ da /v/. A da akan fake da cewa keken rubutu ba shi da waɗannan haruffa. Yanzu kuwa akwai su a allon rubutun wayar hannu, sai dai a ce ba a saba ba.

6.0 Abin da Wannan Ke Nufi ga Manhaja

Manufar Ilimi ta Ƙasa, tun daga bugun 1977, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa, bugun 2004 kuma ya ƙayyade shekaru 3 na farkon firamare. A Jos wannan tanadi bai taɓa zama mai sauƙi ba, domin Hausa ce harshen muhalli a aikace, amma iyaye da yawa suna kallon ɗaukaka ta a makaranta a matsayin danne nasu harsunan, damuwar da ba za a ce ba ta da tushe ba. A Nuwambar 2022 gwamnatin tarayya ta amince da faɗaɗa koyarwa da harshen uwa zuwa shekaru 6. A Nuwambar 2025 kuma Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya bayyana soke wannan manufa, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga matakin farko. Hausa ta saura a matsayin darasi. Ma'anar haka ita ce, 'yan sa'o'in darasin Hausa ne kaɗai suka rage inda za a yi wa yaro bayanin tsarin harshe da harshen da yake ji.

Bisa wannan, muna ganin bai dace manhajar Hausa ta ƙaramar sakandare ta ci gaba da ajiye ƙa'idojin rubutu a matsayin batu na mako ɗaya ko biyu ba. Ya kamata gwajin musanya ya riƙa dawowa a kowane zango, a kuma ƙara ɗan sashe na kwatanta tsarin sautin Hausa da na Ingilishi, ana amfani da kalmomin aro da yara suka riga suka sani. Jerin kalmomi masu rikitarwa kuwa a bar malami ya gina nasa daga takardun ajinsa, maimakon a buga guda ɗaya a raba wa Kano da Jos da Yola. Wannan na buƙatar malamin Hausa da na Ingilishi su riƙa ganin takardun juna, abin da cibiyoyin horon malamai na Gindiri da Pankshin da kuma Jami'ar Jos za su iya sabar wa ɗalibansu tun lokacin koyarwar gwaji.

Hanya mafi arha ta sanin irin ajin da malami ya samu ita ce shifta a makon farko. A karanta jimloli biyar na Hausa masu ɗauke da misalan (6) da baƙaƙe masu ƙugiya, kamar *Ƙura ta lafa, kura ta tsaya a ƙofar soro*, sannan biyar na Ingilishi daga misalan (1) zuwa (4). Wanda ya ci na Hausa ya faɗi a *pool* da *fool* rukuninsa dabam, wanda ya ci *pool* da *fool* ya rubuta *kura* sau biyu shi ma dabam. Sharaɗi ɗaya ne a kiyaye: shifta tana auna furucin mai karantawa kamar yadda take auna kunnen mai rubutawa. Malamin da shi kansa ba ya raba *ƙ* da *k*, ko *p* da *f*, sai ya nemi abokin aikinsa ya karanta wannan ɓangare, ko a naɗi muryar wanda ya iya a waya a kunna wa ajin.